Masu koyon rubuta manhaja, ku koma ga littafi

Ƙannena na Jos da kuka duƙufa kan koyon rubuta manhaja, bidiyon YouTube yana nuna muku yadda abu zai yi aiki yau. Ba ya faɗa muku halin da za ku shiga bayan wata shida, in mai kanti a Terminus ya dawo yana son a ƙara masa lissafin bashi, kai da ka rubuta kod ɗin (wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) da hannunka ka rasa gane kansa da gindinsa. Maganin wannan yana cikin littafi.

Ku fara da Code Complete na Steve McConnell, bugu na biyu na 2004. Shafinsa ya haura 900, don haka kada ku ce sai kun haɗiye shi lokaci guda. Babi ɗaya a mako ya isa, amma da kod ɗinku a buɗe a gefe. Babi na 11 kan raɗa suna yake: x2 ba ya gaya wa kowa komai, jimillarBashi kuwa ko almajirin aiki ya gani ya fahimta. Babi na 7 ya ce fankshin, wato guntun kod mai yin aiki guda, kada ya karɓi abubuwa fiye da bakwai. In ya wuce haka, yawanci aikin mutum uku kuka ɗora wa ɗaya. In kuma "if" ya shiga cikin "if" har hawa huɗu, ku tsaya ku raba shi.

Batun kuɗi shi ya fi cin mutane. Ku buga 0.1 + 0.2 a JavaScript, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, za ku ga 0.30000000000000004, domin kwamfuta da tushe biyu take lissafi, kuma 0.1 ba ya zama cif a wannan tsarin. Ku riƙa ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba: ₦1,500.50 ta zama 150050. In ba haka ba, ranar rufe lissafi kwabo zai ɓace, mai kanti kuma ku zai zarga.

The Pragmatic Programmer, na Hunt da Thomas, darasinsa babba shi ne kada a rubuta abu ɗaya a wuri biyu. Harajin VAT 7.5 cikin ɗari, ku ajiye shi wuri guda, don ranar da aka canza shi kada ku manta da wuri na biyar.

Sai Refactoring na Martin Fowler, wanda bugunsa na 2018 da JavaScript aka yi misalansa. Kafin ku taɓa tsohon kod, ku fara rubuta masa gwaji. Ku canza abu ɗaya ƙarami, ku gudanar da gwajin, in ya wuce ku adana a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, sannan ku taɓa na gaba.