Gadon da na shimfiɗa wa jirgina

Ni fa shiru kawai nake nema, ba wani abu ba. Jirgin ƙasan da nake wasa da shi ɗan mitsitsi ne, irin da ake kira HO, wato an rage girman na gaske sau 87, tsakanin ƙarafan layinsa ma milimita 16.5 ne kacal. Amma ranar da na kafe layin da ƙusoshi a kan faffaɗan katako na kunna, sai ɗakin ya ɗauki ruri. Daga can ciki uwargida ta ɗaga murya: "Malam, injin niƙa ka sayo mana ne?"

Laifin ba na jirgin ba ne. Katako mai faɗi da babu komai a ƙarƙashinsa ganga ne, kowace ƙusa kuwa tana ɗaukar girgizar ƙafafun jirgi ta kai masa. Maganin shi ne a sa wa layin shimfiɗa mai laushi tsakaninsa da katakon, wadda kuma za ta ɗaga shi sama kaɗan kamar yadda layin dogo na gaske yake zaune a kan tudun tsakuwa.

Masu wannan harka sun kasu. Wasu na amfani da allon takarda da aka matse, amma da na ji irin ƙurar da yake tayarwa wajen yanka, na bar musu. Wasu soso, wasu kuma kok, ɓawon bishiyar nan da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ƙasar Fotugal ta fi kowa samarwa. Ni da wayona sai na ce a haɗa biyu: allon soso mai tauri a ƙasa, kok a samansa. Na ɗauko gam mai ƙarfi, irin mai warin nan da ke hawa kai, na lafta wa soson. Ban gama rufe gwangwanin ba na ga wurin yana lotsawa kamar an zuba wa gishiri ruwa. Ashe sinadarin da ke cikin irin wannan gam narkar da soso yake yi. Tashar da na yi niyyar ginawa ta zama tafki tun ba a sa tubalin farko ba. Na kwashe soson na koma kan katakona.

To, kok ɗin nan zuwa yake yi dogo-dogo, kaurinsa kusan milimita 5, an tsaga tsakiyarsa a karkace. Abin da ake so shi ne ka raba shi biyu, ka juya, gefen da yake a miƙe ya haɗu da ɗan'uwansa a kan zanen tsakiyar layi, gangaren kuma ya kalli waje. Ni kuwa da na raba, sai na haɗa gangare da gangare a tsakiya. Na shimfiɗa kusan mita uku a haka, ina ta yaba wa kaina, har ɗan autana ya zo ya sa yatsa a cikin ramin da ya miƙe tun daga farko har ƙarshe, ya ce, "Baba, wannan kwatar ta ruwan sama ce?" Na ce masa eh, gwaji nake yi. Da ya fita na ɗauko wuƙa na fara kankarewa.

Zagaye na biyu na natsu. Na yi amfani da farin gam na katako, na fara manna rabi ɗaya a bin zanen fensir, sannan ɗayan, ban bari mahaɗarsu ta faɗo wuri guda ba. A kwana, inda lanƙwasar ta matse zuwa inci 18 daga tsakiyar da'irar zuwa layi, kok ɗin ya bushe har ya karye mini sau biyu, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi ya yarda ya lanƙwasu. Na tsare shi da allurai, na danne da duk wani littafi mai nauyi da ke gidan. Abu ɗaya na tsallake: goge samansa ya yi sumul. Na ce wa zai ga tudun da bai kai kaurin farce ba? Jirgin ya gani. Duk zuwansa wurin sai taragon ƙarshe ya kwance kansa ya tsaya, sauran su yi gaba abinsu, su zagayo su yi karo da shi ta baya. Haka na ɗaga layin, na goge, na mayar.

Sannan aka samu shiru. Wallahi shiru na gaske, ba ka jin komai sai ɗan ƙas-ƙas na ƙafafu a mahaɗar ƙarfe. Kwana biyu ina shiga ɗakin kamar mai duba jariri. Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Amma layi ba tsakuwa tsirara yake. Na zuba 'yar tsakuwar, na share ta da burushi tsakanin katakan layin ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya ƙage. Na dama farin gam da ruwa, rabi da rabi, na ɗiga. Maimakon ya shige, sai ya dunƙule a sama, tsakuwar ta taso tana iyo, aikin awa uku ya koma kamar kaji sun yi tono. Ashe sai an fara fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwanuka, shi ke sa gam ɗin ya ratsa. Na sake, wannan karon har da ƙari, don kada ƙwaya ɗaya ta motsa.

Ba ta motsa ba kuwa. Da gari ya waye ta daskare kamar kankare, ta kama layin ta sama, ta gangara ta kama katakon ta ƙasa, ta tsallake kok ɗin da na sha wahala a kansa. Aikin da ƙusoshi suka yi a da, yanzu tsakuwa ke yinsa tun daga farkon layi har ƙarshe. Ina kunnawa rurin ya dawo.

Uwargida ta leƙo, ta dubi teburin, ta dube ni. "Sannu da ƙoƙari, Malam. An gyara injin niƙan ke nan?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin girgiza, sai na ce bari dai in burge ta in karkatar da jirgin zuwa layin dama. Na taɓa abin canjin layi, ko gezau. Gam ya shiga nan ma. Mako uku ke nan jirgin hagu kawai yake bi.