Softbol ɗin matan Amurka da tambayar da ta tsaya mini a rai

Wata abokiyar aikina a nan Cikago ta ja ni kallon softbol na mata a Rosemont, dab da filin jirgin sama na O'Hare. Wasan ɗan'uwan besbol ne, sai dai ƙwallon ya fi girma, ruwan ɗorawa ne, kuma mai jifa wulwula hannu take yi zagaye guda ta sako shi ta ƙasa, kafin ka ƙifta ido ya isa. Kujeru maƙil da ƙananan 'yan mata sanye da rigar ƙungiya, iyayensu maza na riƙe musu da safar cafe ƙwallo. Muna cikin kallo ta juyo, cike da tausayi, wai a ƙasarmu ana barin mata su yi wasa kuwa?

To, ga tarihin abin da ake mana tinƙaho da shi. A 1976 tauraruwar tanis Billie Jean King da shahararriyar mai jifa Joan Joyce suna cikin waɗanda suka kafa gasar softbol ta ƙwararrun mata, kaka huɗu ta yi ta mutu. Aka tayar da wata a 1997, ta tsaya a 2001. A 2004 ta dawo da sunan National Pro Fastpitch, ƙungiyoyi na shigowa suna rushewa. Da fitacciyar mai jifa Monica Abbott ta sa hannu kan kwantiragin dala miliyan ɗaya na shekara 6 a 2016, an yi ta kururuwa, alhali yawancin 'yan wasan sai sun haɗa da aikin horar da ɗalibai, masu sa'a su tafi Japan neman na tuwo. Korona ta cinye kaka biyu, a 2021 aka rufe. Gasar da ake yi yanzu, Athletes Unlimited Softball League (AUSL), a 2025 ta fara, da tallafin kuɗin hukumar besbol ta maza.

Ban ce ba su yi ƙoƙari ba, duk faɗuwa sai sun miƙe. Mu ma da namu abin kunyar: a 2016 'yan ƙwallon ƙafar mata na Nijeriya, Super Falcons, sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kafin a biya su haƙƙinsu. Amma kofin Afirka 10 suka ɗauka, Asisat Oshoala kuma sau 6 tana zama gwarzuwar nahiyar.

Na san za ku ce ai yawancinsu 'yan Kudu ne. Haka ne. Sai dai wa ya ce sai da tikiti da talabijin wasa yake zama wasa? Mu da muka tashi da gaɗa da carafke da 'yar gala-gala a dandali, ba mu taɓa neman izinin kowa ba. 'Yata a nan, kafin ta buga ƙwallo sai an biya kuɗin rajista, an sayi kaya, na tuƙa ta a mota, na tsaya ina gadinta. Ba ta san sunan yaran maƙwabta ba. Abin da ya fi damuna, ƙanwata ta ce dandalin unguwarmu ma an yanka shi an gina shaguna.