Bindiga ba tukunya ba ce

Jama'a, wannan ɗabi'ar ta cuɗe bindiga da yashi da toka, ko da soson ƙarfe na wanke-wanke, har ta yi fari fat, ni dai ban ɗauke ta gyara ba. Da damina ta wuce sai ka ga mafarauci ya jawo adakarsa daga bayan ƙofa, ya tarar da ja-ja a jikin bututun, ya zauna yana dirza yana murna wai tana ƙyalli. Malam, rigarta ka tuɓe mata.

Baƙin nan da ke jikin ƙarfen ba dauɗa ba ne. Shi ma wata irin tsatsa ce da masu ƙira suka yi da gangan, mai laushi, wadda take riƙe mai ta tare danshi. Ka kankare shi, ƙarfen ya zama tsirara, raɓar dare ɗaya ta ishe shi. Masu zuba ruwan lemun tsami ko tsamiya su ma haka: tsamin yana cin jar tsatsar, ya haɗa da baƙin.

Tsatsar sama-sama ba ta son ƙarfi. Da farko ka tabbatar babu komai a cikin bindigar. In ta ɗuri ce, zura sandar ɗurin ka auna zurfinta, don albarushi yana shekara a ciki bai mutu ba. Sai ka ɗiga man keken ɗinki a wurin da tsatsar take, ka bar shi ya jiƙa, ka goge da tsumman auduga a hankali. Za ka ga tsumman yana fitowa ja. Canza gefe, ƙara mai. Inda ta ƙi, ɗan guntun jan ƙarfe ya isa ya ɗaga ta, tunda ya fi bututun taushi. Man gyaɗa kuwa a bar wa ƙosai, daskarewa yake ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kube. Dukawanmu na Damagaram ba su da na biyu, amma fata tana shan danshi ta riƙe. Bindigar da ta kwana a kube duk watan Agusta da tsatsa za ta fito. Rataye ta a sarari, nesa da bangon ƙasa da hannun yara.

Mu 'yan Damagaram, garin da aka ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba. Tsofaffin 'yan bindiga sun san tokar albarushi tana jawo danshi, shi ya sa bayan hawan sallah ake wanke cikin bututun da ruwan zafi a ranar, a busar sarai, sannan mai.

In ka shafa da farce ka ji rami-rami, musamman wajen gindin bututun inda albarushi ke tashi, wannan ya wuce tsumma. Kada ka sake harba ta sai maƙerin da ya san bindiga ya duba.