Ku juya takardar ƙuri'a, akwai tambayar makaranta a baya

'Yan'uwa matasa mazauna Amurka, musamman na jihar Minesota, akwai sakacin da ya kamata a daina. Ranar zaɓe sai mutum ya zaɓi shugaban ƙasa ya fice abinsa, ya bar tambayar harajin makaranta, wadda sau da yawa takan kasance a ƙarshen takarda ko a bayanta. Alhali kuwa ita ta fi kusa da ƙannenku da 'ya'yanku.

Ga yadda abin yake. Hukumar makarantun gunduma kan nemi izinin jama'a ta ɗora wani kaso a kan harajin gidaje da filaye, na tsawon da bai wuce shekara 10 ba, don sayen kwamfutoci, biyan kuɗin manhajoji, tsaron bayanan ɗalibai da albashin masu gyara. A Nuwamban 2024 mutanen birnin Miniyapolis da ke jihar suka amince da ƙarin dala miliyan 20 a shekara. Lokacin ba banza ba ne: tallafin korona da gwamnatin tarayya ta ba makarantu ya ƙare a Satumban 2024, kwamfutocin da aka raba wa yara a 2020 kuma sun tsufa. Chromebook, wato ƙaramar kwamfutar da ake raba wa ɗalibai, a hannun yaro da wuya ta wuce shekara huɗu zuwa biyar, ko batir ya mutu ko allo ya fashe. In ƙuri'ar ta faɗi, buƙatar tana nan daram. Daga asusun da ake biyan malamai za a ciro, sai malamai su yi ƙaranci, aji ya cika maƙil.

Kada ka ce ai haya kake, ba ruwanka. Mai gida a kuɗin haya zai fanshe harajin, kuma ƙuri'arka da tasa daidai suke.

Ba kuma cewa ake ku amince ido rufe ba, dukiyar jama'a amana ce. Ku je zaman hukumar ku tambaya: sabon haraji ne, sabunta tsoho ne, ko soke tsoho a kawo wanda ya fi shi? Nawa zai hau kan gida irin naku a wata? Nawa ne na na'ura, nawa na horar da malamai? Wannan ta ƙarshe ku matsa a kanta sosai, domin na'urar da malami bai iya koyarwa da ita ba a kabad take ƙarewa.

A Minesota ana fara kaɗa ƙuri'a kwana 46 kafin ranar zaɓe, ana kuma yin rajista a rumfa ranar zaɓen kanta in ka zo da shaidar adireshi. Amma wallahi a kiyaye: sai wanda ya zama ɗan ƙasa, ya kuma cika shekara 18. Mai katin zama na dindindin kada ya kuskura ko da rajista ce, domin hakan na iya jawo masa kora daga ƙasar. Shi dai ya halarci zaman ya yi tambaya, wannan babu mai hana shi.