"Ai Mun San Shi" Ɗin Nan Ya Ishe Ni

'Yan'uwana matasa, ku yi haƙuri da ni yau, raina a ɓace yake. Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, muka zauna taron malaman makarantar Lahadi. Shugaban matasa ya gabatar da wani saurayi da makonsa uku ke nan da fara zuwa majami'armu, ya ce daga yau shi ne zai riƙe ajin 'yan shekara bakwai zuwa goma, har ya danƙa masa makullin ɗakin. Wata uwa da ke zaune can baya, riƙe da hannun 'yarta, ta ce, "Don Allah daga wace ikkilisiya ya zo? Akwai wanda ya tuntuɓi fastonsa?" Wuri ya yi tsit kamar ta yi saɓo. Shugaban ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Haba Mama, ai mun san shi. Ba ki ji yadda yake addu'a ba?"

Ban ce saurayin nan mugu ne ba, wataƙila ma ya fi ni tsoron Allah. Da "ai mun san shi" ɗin nake faɗa. Me kuka sani? Muryarsa in yana waƙa? Kwat ɗinsa? Ai Musa a baki Fir'auna a zuci ba ya zuwa da tambari a goshi. Mai neman yara da mugun nufi shi ya fi kowa zuwa da wuri, shi ke share ɗaki, shi ke cewa zai raka yaro gida tunda iyaye sun gaji. Yau 'yar kyauta, gobe saƙo a waya da dare, jibi "kada ka gaya wa kowa". Kafin ya taɓa yaro sai ya fara saye zuciyar manya, don ranar da yaron ya buɗe baki a ce ƙarya yake yi.

Abin haushin, mu ɗin nan ne ba ma yarda mutum ɗaya ya ƙirga baiko. Sai an zaunar da biyu ko uku, a rubuta, a sa hannu. Kuɗi muna masa gadi, 'ya'yan mutane kuwa mu ba wa duk wanda ya iya "Halleluya" da ƙarfi. Kai, ko wayarka ba ka ba baƙon mako uku ya riƙe maka. (Wayar da wasunku ke latsawa ana tsakiyar wa'azi, wannan maganar wata rana ce, amma tana nan tafe.)

Ku dubi abin da ya ci waɗanda suka fi mu tsari. A Faransa, rahoton da aka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa yara kusan 216,000 ne limaman Katolika suka ci zarafinsu daga 1950 zuwa 2020, da aka haɗa da ma'aikatan da ba limamai ba sai adadin ya kai 330,000. Ku lura da tazarar, wannan ƙarin aika-aikar mutane ne irinmu, malaman yara da masu taimako. A Amurka, a 2019 jaridar Houston Chronicle ta bankaɗo shugabanni da masu aikin sa kai kusan 380 da ake zargi da cin zarafi a majami'un Southern Baptist, waɗanda aka cuta sun haura 700. A Ingila kuwa, John Smyth lauya ne mai jagorantar sansanin matasa Kirista. Tun 1982 wasu manya suka san irin azabar da yake gana wa yara maza, suka rufe, ya koma Zimbabwe a 1984 ya ci gaba. Wannan rufa-rufar ce ta sa Justin Welby, babban limamin cocin Ingila na lokacin, ya sanar da murabus ɗinsa a Nuwamban 2024. Duk waɗannan mutanen an "san su". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce kunyar tambaya.

Sannan ga masu fushi in an miƙa musu takardar cikawa: "Ni za a bincika? Shekarata nawa a nan?" Ɗan'uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. In hannunka tsaf yake, me zai dame ka don an nemi sunan mutum biyu da za su shaide ka, ko an duba ko kana da tarihin laifi wajen hukuma? Bulus ma da yake magana kan masu hidima cewa ya yi a fara gwada su tukuna. Binciken ma fa wanda aka taɓa kamawa kaɗai yake tonawa, shi ya sa ake cewa sabon zuwa ya jira watanni, kuma kada babba ɗaya ya kaɗaita da yaro a bayan rufaffiyar ƙofa. Sauran tsarin, dattawan ikkilisiya su zauna su yi abin da ya kamata.

Wai ina dattawan ma? Da muna yara, mutum ba ya sauya ikkilisiya sai da takarda daga inda ya fito, a karanta ta a gaban jama'a. Zai daɗe yana zaman benci ana kallon take-takensa kafin a ba shi ko da tsintsiya. Akwai tsofaffin matan da ke leƙa ajinmu babu sallama, malami bai isa ya ce uffan ba. Yanzu gasar cika kujeru ake yi, kowa tsoro yake kada baƙo ya yi fushi ya koma majami'ar gaba. Ranar da abu ya faru kuma, Allah ya kiyaye, sai a yi ta ihu bayan hari, a kira iyaye a ce su yafe kada sunan coci ya ɓaci, maimakon a kai magana gaban hukuma.

Uwar nan dai ba ta ƙara cewa komai ba. Ta ja hannun 'yarta suka fita, na ji wata a gefena tana raɗa wai matar ba ta da ƙauna. Ni ma da nake ta wannan surutu, a ranar ban buɗe baki na goya mata baya ba, abin da ya hana ni barci ke nan. Makullin yana aljihun saurayin har yanzu, Lahadi kuma saura kwana uku.