Moon Sung-kil da mudun da ake auna shi da shi

Duk lokacin da masoya damben zamani suka zauna lissafin gwanayen ƙananan ajin nauyi, da wuya a ji sunan Moon Sung-kil na Koriya ta Kudu, kuma idan an ambace shi sai wani ya ce ai karawa 22 kacal ya yi a damben ƙwararru. Wannan hukunci yana damuna ƙwarai, domin masu yin sa sun ɗauki rabin rayuwar mutum sun ajiye gefe, sannan suka auna shi da ragowar.

An haifi Moon a 1963 a Yeongam, kuma kafin ya fara dambe don kuɗi ya shafe shekaru yana wakiltar ƙasarsa a ajin bantam, wanda iyakarsa kilo 54 ce a damben 'yan sha'awa. Ya ci zinare a gasar Asiya ta 1982 a New Delhi, ya sake cin wani a ta 1986 a Seoul. A gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles ya doke Robert Shannon na Amurka a gaban 'yan ƙasarsa, amma a matakin kusa da na kusa da ƙarshe aka tsayar da karawarsa da Pedro Nolasco na Jamhuriyar Dominika saboda rauni da ya samu a fuska, ya koma gida hannu rabbana. Bayan shekara biyu ya huce takaicinsa a birnin Reno na Amurka, inda ya zama zakaran duniya na 'yan sha'awa. Wanda ya bi ta wannan hanya ba sabon yanka ba ne a ranar da ya shiga sahun ƙwararru a 1987, kuma shi ya sa bai tsaya ɓata lokaci da ƙananan abokan karawa don tara adadi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da ya zaɓa. Gasar Olamfik tana gab da zuwa Seoul a 1988, yana da damar jira ya nemi zinare a gida, sai ya bar ta. A watan Agusta na shekarar, ana saura kusan wata guda a buɗe gasar, ya karɓe kambun duniya na WBA (ɗaya daga cikin manyan hukumomin dambe) na ajin bantam daga hannun Khaokor Galaxy na Thailand, a karawarsa ta bakwai. Ya kare kambun sau biyu, sannan Khaokor ya ƙwace abinsa a Bangkok a 1989.

A nan ne yawancin 'yan dambe kan ƙara nauyi su haura sama. Moon ya yi akasin haka, ya sauka zuwa ajin da ke ƙasa, inda iyaka ta ɗan haura kilo 52, kuma duk wanda ya san wahalar rage jiki ga mutumin da ba shi da kitse ya san wannan ba wasa ba ne. A Janairun 1990 ya haɗu da Nana Konadu na Ghana, wanda bai daɗe da karɓe kambun duniya na WBC, wata babbar hukumar dambe, daga Gilberto Roman a Meziko ba. Na kalli tsohon faifan karawar a waya fiye da sau ɗaya, hoton ma ba ya fita sosai, amma ana ganin Moon ya sunkuyar da kai yana kutsawa, yana jefa naushi daga gefe kamar mai saran itace, jini na zuba masa daga gira, shi kuwa Konadu yana ja da baya yana mayar da martani da hannu mai tsabta. Dukansu biyu sun sha ƙasa. An tsayar da karawar a turmi na tara saboda rauni, aka koma ga makin alƙalai, Moon ya yi nasara.

Masu suka suna da hujja a nan, kuma ba zan ɓoye ta ba: kambunansa biyu duk ta hanyar tsayar da wasa da ƙirga maki ya same su, kuma salon shigarsa yana jawo karon kai. Sai dai an sake haɗa shi da Konadu a 1991 a Zaragoza ta Sifaniya, nesa da gida da 'yan kallonsa, ya gama da shi a turmi na huɗu. Konadu kuma ba kanwar lasa ba ne, tunda daga baya ya ci kambun WBA na ajin bantam.

Sau tara Moon ya kare kambun WBC, kuma cikin waɗanda ya doke akwai Roman kansa da Hilario Zapata na Panama, tsofaffin zakarun duniya. A Nuwamban 1993 Jose Luis Bueno na Meziko ya karɓe kambun da hukuncin da alƙalai suka rabu a kansa, daga nan Moon ya ajiye safar dambe yana da shekara 30, da nasara 20 da rashin nasara 2. Cikin karawar nan 22, guda 15 duk a kan kambun duniya aka yi su.