Wai daga ina ruwan da muke sha a Jos yake fitowa?

Kuɗinmu muke biya, amma a garin nan tambayar asalin ruwa ta zama kamar zagi. Ka tsayar da ɗan ga-ruwa ka ce, "Malam, ina ka ɗebo?" Sai ya ce burtsatse. Ta wa? A wace unguwa? Shiru. Ban ga laifinsa sosai ba, abincinsa yake nema. Haushina yana kan masu sayar masa, da waɗanda aikinsu ne su duba amma suka naɗe hannu.

Ga madatsar Lamingo, ga ta Liberty, ga ta Yakubu Gowon a Shen. To ina ruwan? Famfon gidanmu sai ya yi makonni a bushe, ran da ya kawo kuma jajur kamar shayi. Tsofaffin bututai ne suka bi ta cikin kwata, duk sun tsattsage. Da an ɗauke ruwa ƙazanta ke shiga ta tsagar, ran da aka sako ita ke fara isowa bokitinka.

Rijiya kuwa, a je Gangare ko Unguwar Rogo a gani. Masana lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakaninta da masai. A gidajen nan da suke manne da juna, ina filin yake? Rani na kamawa ta ƙafe, a koma wa tanka. Wa zai rantse min cewa tankar ba daga kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Bukuru ta zuƙo ba? Matanmu suna jefa alif su ga ruwa ya kwanta, hankalinsu ya kwanta, alhali alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Tafasawa tana kashe ƙwayar, amma ba ta cire gubar ƙarafa.

Kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya a 2021, Filato na cikin jihohin da ta shiga. Har mun manta?

Fiya wata ma lambar NAFDAC kawai muke kallo a jikin leda, lambar da marar tsoron Allah zai iya bugo ta jabu.

Duk mai sayar da ruwa a Jos, na burtsatse ne ko na tanka, a tilasta masa gwaji, ya liƙa sakamakon da kwanan wata inda kowa zai karanta. Wanda ya ƙi, a rufe masa famfo. 'Ya'yanmu ne ke kwance a asibiti ana ƙara musu ruwa!